Rage ƙiba: Me ya sa masana ke cewa a fara da girmama jiki?

Duk macen da ta taɓa shiga gidan biki ko suna bayan ta daɗe ba ta haɗu da dangi ba, ta san abin da ke biyo bayan gaisuwa. Idan ta ƙara jiki, wata ƙanwa za ta ce, "Yaya, wannan ƙiba haka sai ina?" Idan kuma ta ragu, sai goggo ta ja ta gefe ta sassauta murya: "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko akwai abin da kike ɓoye mana a gidan naki?" Maza ma ba su tsira ba. Wanda ya ajiye tumbi, abokai su laƙaba masa Alhaji ana dariya; wanda ya rame, a ce kasuwa ta juya masa baya.

Masu irin waɗannan maganganu kan ɗauke su a matsayin raha ko nuna kulawa. Sai dai binciken masana kiwon lafiya da na halayyar ɗan Adam ya nuna cewa yadda mutum ke kallon jikinsa, da yadda jama'a ke sa shi ya kalle shi, yana da tasiri a kan ko zai iya rage ƙiba ta hanya mai lafiya, ya kuma ɗore a kai. Wanda ya fara tafiyar da ƙyamar jikinsa ya fi saurin sarewa, ko faɗawa hannun masu sayar da magungunan da za su illata shi, fiye da wanda ya fara ta da niyyar kula da jikin.

Girman matsalar

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da matsananciyar ƙiba, wato teɓa. Manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, kuma miliyan 890 daga cikinsu masu teɓa ne. Daga 1990 zuwa lokacin, matsalar ta ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, ta kuma ninka sau huɗu a tsakanin matasa masu tasowa.

A Najeriya, binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 12 cikin 100 ke fama da rama. Ma'ana, a unguwa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya, za a iya samun mai fama da ƙarancin abinci mai gina jiki da mai fama da ƙiba. Damuwa kan lamarin na daga cikin dalilan da aka bayar lokacin da gwamnatin tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemun kwalba mai sukari a Dokar Kuɗi ta 2021.

Babu taƙaddama a tsakanin likitoci cewa yawan kitse a jiki, musamman wanda ke taruwa a ciki, na ƙara haɗarin kamuwa da ciwon suga, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa, da ɗaukewar numfashi a cikin barci, da wasu nau'o'in cutar daji. Tambayar ita ce: wace hanya ce ke kai mutum ga canza rayuwarsa, a kunyata shi ko a ƙarfafa masa gwiwa?

Gaba kura, baya siyaki

Ɗan Najeriya, musamman mace, na tsaye ne a tsakanin ma'auni biyu na kyau masu karo da juna.

Na farko tsohon ma'auni ne, wanda ke ɗaukar cikar jiki alamar wadata da kwanciyar hankali. Amaryar da ta yi ƙiba bayan wata uku, an shaida mijinta yana riƙe ta da kyau. Mai jego kuwa, ana ɗura mata kunu da nama domin ta murmure. Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A al'adar Efik ta yankin Kalaba, akan killace budurwa a ɗaki na musamman ana ciyar da ita kafin aure. A Muritaniya, da kuma tsakanin Larabawan Azawak na Jamhuriyar Nijar, an daɗe ana tilasta wa 'yan mata shan madara da gero mai yawa domin su cika. Zuwan cutar ƙanjamau ya ƙara wa ramewa baƙin jini, domin sunan cutar kansa daga ƙanjamewar jiki aka samo shi, har ta kai wanda ya rage nauyi da gangan yana fargabar abin da maƙwabta za su ce.

Na biyu sabon ma'auni ne da ya shigo ta talabijin da fina-finai da wayar hannu. Mutane da yawa na tuna shekarar 2001, lokacin da Agbani Darego, doguwa siririya daga Jihar Ribas, ta lashe gasar sarauniyar kyau ta duniya, aka shiga muhawara a ƙasar nan kan irin jikin da ake kira kyakkyawa. A yau kuma kafofin sada zumunta sun zo da wata siffa ta daban: shafaffen ciki da siririn ƙugu, tare da cikar ƙirji da mazaunai. Siffa ce da ba kasafai halitta ke bayar da ita ba. Galibin hotunan da ke nuna ta an gyara su da manhaja, ko an yi ciko, ko an yi tiyata.

Abin da ya faru a tsibirin Fiji ya nuna saurin da hoto ke sauya tunani. Al'ummar ƙasar na daraja cikar jiki kamar yadda ake yi a nan. A 1995 talabijin ta isa lardin Nadroga. Wata likitar ƙwaƙwalwa daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta bincika 'yan matan makaranta a shekarar, ba ta samu ko ɗaya mai janyo amai domin ta rage nauyi ba. Da aka sake binciken a 1998, kusan kashi 11 cikin 100 sun ce suna yin hakan. Haka kuma, takardun cikin gida na kamfanin Facebook da aka fallasa a 2021 sun nuna cewa kashi 32 cikin 100 na 'yan mata matasa da aka tambaya sun ce idan suna jin ba daɗi game da jikinsu, shafin Instagram na ƙara dagula musu lissafi.

Mene ne karɓar kai?

Masana halayyar ɗan Adam na bambance jikin da mutum yake da shi da hoton jikin da ke cikin zuciyarsa. Wannan hoto ya ƙunshi abin da yake gani idan ya dubi madubi, da abin da yake ji game da shi, da abin da hakan ke sa shi aikatawa. Akwai siririyar da ke ganin kanta ƙatuwa, akwai mai jiki da ke zaune lafiya da kamanninta. Akwai wadda ta daina zuwa biki, ta daina shiga hoto, ta koma sa tufafin da ba ta so, duk domin ta ɓoye kanta.

Karɓar kai na nufin mutum ya amince da gaskiyar halin da jikinsa yake ciki a yau ba tare da zagin kansa ba, ya raba darajarsa ta ɗan Adam da lambar da sikeli ya nuna. Wasu na fargabar cewa hakan miƙa wuya ne, wato mutum ya ce tunda ya karɓi kansa babu sauran dalilin canzawa. Wannan kuskuren fahimta ne. Mai ciwon suga da ya amince yana da ciwon shi ne ke shan magani a kan kari. Wanda ke ƙin jin sunan ciwon shi ne ke gujewa asibiti. Haka lamarin yake a nan. Mai jin kunyar jikinsa yakan ƙi hawa sikeli, ya ƙi awon jini, ya ƙi fita motsa jiki don kada a gan shi. Wanda ya ɗauki jikinsa amana, yakan je a auna shi, ya saurari sakamakon, ya tambayi abin da ya kamata ya yi.

Gori ba ya rage ƙiba

Iyaye da ma'aurata da dama na ganin idan aka matsa wa mutum da gori zai ji haushi ya gyara. Alƙaluma sun nuna akasin haka.

A 2013, masu bincike biyu na Jami'ar Jihar Florida a Amurka, Angelina Sutin da Antonio Terracciano, sun wallafa sakamakon bibiyar sama da mutum 6,000 na tsawon shekara huɗu. Waɗanda ba su kai matakin teɓa ba a farko amma suka ce ana nuna musu wariya saboda nauyinsu, yiwuwar su kai matakin ta ninka ta sauran kusan sau biyu da rabi. Waɗanda suke da teɓa tun farko kuma ake tsangwamarsu, yiwuwar su ci gaba da zama a haka ta ninka sau uku. A shekarar da ta biyo baya, wani bincike a Ingila kan mutum kusan 3,000 ya gano cewa masu fuskantar tsangwama sun ƙara kusan kilo ɗaya cikin shekara huɗu, sauran kuwa sun ɗan ragu.

Dalilan a fili suke. Wulaƙanci na jefa mutum cikin damuwa, damuwa kuma na sa jiki ya yawaita fitar da sinadarin kotisol, wanda ke ƙara sha'awar abinci mai maiƙo da zaƙi, yana kuma taimaka wa kitse taruwa a ciki. Mutane da yawa na huce baƙin ciki a kan abinci, su ci a ɓoye, su ci da sauri, su ci fiye da buƙata. Ga rashin barci, ga janye jiki daga jama'a. Wanda aka taɓa yi wa dariya yana tafiyar motsa jiki a bakin titi, da wuya ya sake fita washegari.

Wannan ne ya sa a watan Maris na 2020 ƙwararru 36 daga ƙasashe daban-daban, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Francesco Rubino na Kwalejin King's da ke Landan, suka fitar da matsaya a mujallar Nature Medicine, inda suka yi kira da a kawo ƙarshen tsangwamar masu ƙiba, har da wadda ke fitowa daga bakin ma'aikatan lafiya. Ƙungiyoyin likitoci da na kimiyya sama da 100 ne suka goyi bayan matsayar.

"Tunda na riga na ɓata"

Ba gorin waje ne kaɗai ke yin ɓarna ba. Na cikin zuciya ya fi shi naci. Masana biyu na Jami'ar Toronto a Kanada, Janet Polivy da Peter Herman, sun shafe shekaru suna nazarin masu takura wa kansu a kan abinci. Sun lura da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa gwada rage ƙiba zai gane ta. Mutum ya kafa wa kansa doka mai tsauri, ya yi kwana goma yana bi, sai ranar suna ya ci waina da soyayyen nama. Maimakon ya tsaya a nan, sai ya ce tunda an riga an ɓata, bari a ƙarasa, a sake sabon lale ranar Litinin. Ba wainar ce ta rusa shirin ba, hukuncin da ya yanke wa kansa ne bayan ya ci.

A 2007, wasu masana a Amurka, Claire Adams da Mark Leary, sun gwada maganin wannan ɗabi'a. Sun ba ɗalibai mata soyayyen fanke mai sukari suka ci, sannan aka faɗa wa wasu daga cikinsu kada su tsananta wa kansu, kowa na cin irin wannan wani lokaci. Daga baya aka ajiye musu alewa a ce su ɗanɗana. A cikin masu takura wa kansu a kan abinci, waɗanda aka kwantar wa hankali sun sha alewar kaɗan, waɗanda ba a ce musu komai ba suka sha da yawa.

Wani bincike da aka yi a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, aka wallafa a 2011, ya bi mata 239 masu ƙiba tsawon shekara guda. An raba su gida biyu. Rukuni ɗaya ya samu darussan lafiya na gama-gari. Ɗaya rukunin ya halarci zama 30 inda aka tattauna motsa jiki, da cin abinci saboda ɓacin rai, da yadda mace ke kallon jikinta. A ƙarshen shekara, rukuni na biyu ya rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsa, na farko kuwa bai kai kashi 2 ba. Masu binciken sun gano cewa matan da suka rage damuwa da abin da mutane ke cewa game da kamanninsu su ne suka fi iya sarrafa cin abincinsu.

Abin da ba rashin himma ba ne

Sanin yadda jiki ke aiki na sauƙaƙa wa mutum yi wa kansa adalci. Nazarin tagwaye da na iyalai ya nuna cewa gado na da hannu a kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin nauyi a tsakanin mutane. A 1986, likita Albert Stunkard da abokan aikinsa sun bincika mutum 540 a ƙasar Denmak waɗanda suka tashi a hannun iyayen riƙo. Nauyinsu ya yi kama da na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka rene su ba. Shi ya sa 'yan gida ɗaya ke cin tuwo a kwano ɗaya, wani ya yi jiki, wani ya zauna kamar sillen kara.

Bayan gado, jiki na kare nauyinsa. Idan mutum ya rage kitse, sinadarin leptin da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya yakan ragu, sinadarin girelin mai ta da yunwa kuma ya ƙaru. Wani bincike a birnin Melbon na Ostireliya a 2011 ya nuna cewa wannan sauyi na nan ko bayan shekara guda da rage nauyin. A Amurka, an bibiyi mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. A matsakaici, kowannensu ya zubar da kimanin kilo 58 cikin mako 30, ta hanyar ƙuntata abinci da motsa jiki mai tsanani. Bayan shekara shida, kimanin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu na ƙona kalori kusan 500 ƙasa da abin da ake tsammani a kowace rana.

Ƙari a kan haka, akwai ciki da haihuwa, da tsufa, da wasu magunguna, da cututtukan da ke shafar sinadaran jiki, da aikin zama wuri ɗaya, da tsadar kayan lambu idan aka kwatanta da taliya da burodi. Duk wannan ba ya nufin ƙoƙari ba shi da amfani. Abin da yake nunawa shi ne, dawowar nauyi ba shaidar lalaci ba ce, kuma shirin da mutum ba zai iya rayuwa da shi shekara da shekaru ba, ba shiri ba ne.

Burin da ya dace

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a asibiti shi ne BMI. Ana raba nauyin mutum na kilo da tsayinsa na mita da aka ninka da kansa. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama teɓa ce. Asalin lissafin na wani masanin ƙididdiga ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19, kuma domin nazarin jama'a ya ƙirƙiro shi. Ba ya bambance tsoka da kitse, ba ya kuma nuna inda kitsen ya taru. A watan Janairun 2025, wani kwamitin ƙwararru na mujallar The Lancet ya ba da shawarar a daina dogaro da shi shi kaɗai, a haɗa da awon ƙugu da duba ko ƙibar ta fara shafar aikin gaɓoɓi.

Awon ƙugu kowa zai iya yi a gida. A ɗauki zare a auna tsayin mutum daga ƙafa zuwa kai, a ninka shi biyu, a zagaya ciki da shi a ɗan saman cibiya. Idan bakin zaren ya haɗu, da sauƙi. Idan bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, ko da mutum bai yi kama da mai ƙiba ba.

Labari mai daɗi shi ne, ba sai an koma jikin 'yan mata ko na samartaka ba kafin a ga amfani. Likitoci sun tabbatar cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi na sassauta hawan jini, yana daidaita sukari da kitsen jini, yana rage wa gwiwa nauyi. A ɗauki misalin mace mai tsayin mita 1.65 da nauyin kilo 90. Kafin ma'auninta ya sauko zuwa 25, sai ta zubar da kilo 22, abin da zai iya karya mata gwiwa tun kafin ta fara. Amma kilo 4 da rabi zuwa 9 ya isa lafiyarta ta fara canzawa. A wani babban gwaji a Amurka da aka wallafa a 2002, mai mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, an nemi wasu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a cikinsu, alhali maganin metfomin ya rage ta da kashi 31.

Saurin da ake ba da shawara shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Garin neman gira

Inda ƙin jiki ya fi yin ɓarna shi ne a kasuwar magani. Mai gaggawar sauya kamanni ba ya tambayar abin da ke cikin kwalba. Yawancin shayin da ake tallatawa da sunan narka tumbi na ɗauke ne da ganyen da ke sa gudawa ko yawan fitsari. Abin da ke fita ruwa ne, kitsen yana nan, kuma yawan amfani da su na iya rage gishirin jini har ya taɓa bugun zuciya. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na itatuwa ne, alhali an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu neman ƙiba, da ke shan ƙwayoyin da ake wa laƙabi da "sha ka fashe". Galibi deksametason ne ko saifroheptadin, magungunan da aka yi domin wasu cututtuka daban. Shan deksametason na tsawon lokaci na kumbura fuska, yana tara ruwa da kitse a ciki, yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma daina shi farat ɗaya ba tare da likita ba na da haɗari. A nan karin maganar nan ta garin neman ƙiba an samo rama ta tabbata a zahiri.

Akwai sababbin allurai na gaskiya irin su semaglutaid, waɗanda a gwaji suka rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyi cikin mako 68. Amma likita ne ke rubuta su, suna da tsada, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda. A watan Yunin 2024 WHO ta yi gargaɗi kan jabunsu da ke yawo a kasuwa. Duk maganin da ba shi da lambar rajistar hukumar NAFDAC, ko aka ce zai yi aiki cikin mako guda, abin gudu ne.

Matakai a aikace

Mai son kula da jikinsa ba ya buƙatar abincin ƙasar waje. A raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kamar zogale, alayyahu, rama, kabeji, kuɓewa ko yakuwa, kashi ɗaya cikin huɗu wake, kifi, ƙwai, awara ko nama marar kitse, sauran tuwo, shinkafa, acha ko doya. A rage man da ake malalawa a miya, a sauya suya da dafuwa ko gashi. WHO ta ba da shawarar kada gishiri ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙananan cokula 12, adadin da kwalbar lemo ɗaya babba kan iya cikewa. Sukarin shayi da na kunu da na zoɓo duk yana cikin lissafi.

Motsa jiki minti 150 zuwa 300 a mako ake so, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Tafiya da sauri ta wadatar. Wadda ba ta samun fita za ta iya zagaya tsakar gida, ko tsallen igiya idan gwiwa ta yarda, ko hawa da saukar matakala. Motsa jiki na inganta hawan jini da sukari da barci ko da sikeli bai motsa ba.

Ta fuskar zuciya kuwa, masana na ba da shawarar mutum ya auna ci gabansa da abin da jiki ke iya yi: hawa bene ba haki, yin sallah a tsaye ba ciwon gwiwa, barci mai daɗi, sakamakon awon jini. Ya ɗinka tufafin da suka yi masa daidai yanzu, maimakon ajiye rayuwa sai ranar da ya rame. Ya daina bin shafukan da ke sa shi raina kansa. Idan ya yi tuntuɓe, ya yi wa kansa maganar da zai yi wa amininsa, ya ci gaba daga abinci na gaba.

Nauyin da ke kan iyali

Yara na koyon kallon jikinsu daga bakin manya. Laƙabin da aka sa wa yarinya tana shekara takwas saboda ƙibarta ko ramarta yakan bi ta har ɗakin aure. Ya fi kyau a gyara tukunyar gida gaba ɗaya da a ware yaro ɗaya a hana shi abinci a gaban 'yan uwansa. Maigidan da ke son uwargida ta rage jiki bayan haihuwa, abin da zai taimaka shi ne ya sayo kayan lambu, ya riƙe yara ta samu rabin awa, ko su fita tattaki tare; kwatanta ta da wata ba ya ƙona kitse ko giram ɗaya. Ma'aikatan lafiya ma, kyautata lafazi na sa majiyyaci ya dawo.

Akwai alamomin da ke buƙatar ganin likita ba tare da jinkiri ba: janyo amai bayan cin abinci, shan maganin gudawa domin rage nauyi, cin abinci mai yawa a ɓoye tare da jin an kasa tsayawa, ƙin cin abinci har jiri ko ɗaukewar al'ada, da baƙin cikin da ya hana mutum harkokinsa. Waɗannan cututtuka ne da ake magance su, a sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa da asibitocin tarayya irin na Kaduna, Kware, Maiduguri, Yaba da Aro. Haka nan, ramewa ba tare da dalili ba na buƙatar bincike, kuma mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon suga ko ƙoda, kada su sauya tsarin abinci sai da shawarar likita.

A kowace ranar 4 ga watan Maris ake bikin Ranar Yaƙi da Ƙiba ta Duniya, kuma saƙon da ke ƙara fitowa fili a 'yan shekarun nan shi ne a yaƙi cutar, a mutunta mai ɗauke da ita. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Wanda zai nemi lafiyar, da wannan jikin da yake da shi a yau zai neme ta, don haka sulhu da shi ne matakin farko.